N-bekta: bayyana wuri a doron ƙasa ba da latitud da longitud ba

N-bekta hanya ce ta nuna inda wani wuri yake a bayan ƙasa da lambobi uku maimakon biyun nan da kowa ya saba da su, wato latitud da longitud. Bekta dai a lissafi kamar kibiya ce, tana da tsawo kuma tana da inda ta dosa. Ita wannan kibiyar tsawonta ɗaya ne cif, kuma tsaye take cak a kan wurin da ake magana, kanta na kallon sama, kamar ka kafa sanda a tsakar gida ba ta karkata ko ina ba. Da ka san inda sandar ta nuna to ka san wurin, don babu wurare biyu a duniya da sandunansu za su nuna sama iri ɗaya. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Kenneth Gade, na cibiyar binciken tsaro ta ƙasarsu, shi ne ya fito da tsarin sosai a wata maƙala da aka buga a mujallar The Journal of Navigation a 2010.

Matsalar latitud da longitud

Ba wai latitud da longitud ba su da amfani ba ne, mutum na gane su da sauri, ka ce Kano tana wajen digiri 12 arewa da digiri 8.5 gabas an fahimce ka. Rigimar tana tasowa ne idan aka ba kwamfuta ta yi lissafi da su. Na farko a ƙololuwar arewa da ta kudu longitud ba shi da ma'ana kwata-kwata, duk layukan sun haɗu a wuri guda, wanda ke tsaye a ta arewa duk inda ya juya kudu yake kallo, jirgin da ya ratsa ta kan wajen kuma longitud ɗinsa zai yi tsalle da digiri 180 a lokaci ɗaya alhali shi bai ko karkata ba.

Na biyu shi ne layin digiri 180, can kishiyar layin Greenwich, wato longitud sifiri, da aka amince da shi a taron Washington na 1884. Layin ya ratsa tsibirin Taveuni na ƙasar Fiji da gabashin Rasha. A ce jiragen ruwa biyu suna kan Ikwaita, ɗaya a digiri 179 gabas ɗaya a 179 yamma, tsakaninsu wajen kilomita 222 ne kawai, amma idan ka haɗa lambobin ka raba biyu don neman tsakiyarsu sifiri za ka samu, wato ka jefa su can tekun Gini kudu da Ghana, ɗaya ɓangaren duniya ke nan gaba ɗaya. Ga kuma digiri ɗin longitud da ba tsawonsa ɗaya ba, a Ikwaita kusan kilomita 111 ne, a latitud 60 ya koma rabi. Shi ya sa manhajoji da yawa suke cike da faci, idan kaza ya wuce 180 a rage 360, idan an kusa ƙololuwa a bi wata hanya, kuma a wajen facin nan kurakurai suke ɓuya.

Yadda ake fitar da ita

Ana ɗaukar layuka uku da suka fito daga cibiyar duniya, x ya nufi inda Ikwaita ya haɗu da layin Greenwich, y ya nufi digiri 90 gabas, z ya nufi ƙololuwar arewa. Lambar x ita ce kosayin na latitud sau kosayin na longitud, y kosayin na latitud sau sayin na longitud, z kuma sayin na latitud kawai (sayin da kosayin lambobi ne da ake fitarwa daga kusurwa a lissafi). Kano sai ta fito kusan (0.97, 0.14, 0.21). Ƙololuwar arewa kuwa (0, 0, 1) ce, lafiya lau, babu wani abin da ya karye.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Duniya ba ƙwallo ba ce sak, ta ɗan kumbura ta wajen Ikwaita, a ma'aunin WGS 84 da GPS ke aiki da shi daga cibiya zuwa Ikwaita mita 6,378,137 ne, zuwa ƙololuwa kuma ya gaza haka da kusan kilomita 21. Saboda haka sandar nan da ta tsaya cak, idan ka miƙe ta zuwa ƙasa ba lallai ta bi ta ainihin cibiyar duniya ba, sai a Ikwaita da ƙololuwa biyun. Nan ne n-bekta ta bambanta da ECEF, tsarin da ke auna mita daga cibiya ya cakuɗa wuri da tsayi. A n-bekta tsayi daban ake ajiye shi, jirgi ya yi ta hawa sama kibiyarsa ba ta canzawa.

Amfaninta

A nan ne abin yake burge ni gaskiya. Tsakiyar wurare, komai yawansu, sai ka tara kibiyoyin ka mayar da tsawon jimillar ɗaya, shi ke nan, jiragen nan biyu sun koma digiri 180 inda suke. Sai dai idan wuraren kishiyar juna ne daidai, jimilla ta zama sifiri, can kam dama babu tsakiya guda. Nisa kuma daga kusurwar da ke tsakanin kibiyoyi biyu yake fitowa, a auna kusurwar da radiyan (ma'aunin kusurwa na lissafi, ba digiri ba) a ninka da kilomita 6,371 idan an ɗauki duniya a matsayin ƙwallo. Haka ma alƙibla, tunda gajeriyar hanya ce a bayan ƙasa zuwa Makka, da kibiyar gari da ta Ka'aba ana fitar da ita, daga Kano tana kamawa wajen digiri 68 daga arewa a nufi gabas.

Masu tsara na'urorin tuƙin jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa suna cikin masu cin moriyarta. Amma babu direban da za ka karanta wa lambobi ukun nan ya kai ka gida, don haka a cikin manhaja ake lissafin da bekta, idan an zo nuna wa mutum a fuskar waya sai a sake mayar masa da latitud da longitud ɗinsa.