Fitilar hasumiyar bakin teku ba hanya take haskawa ba

'Yan kasuwar Garuwa da Injamena masu jiran kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala kan ɗauka cewa doguwar hasumiyar bakin teku haska wa jirgi hanya take yi, kamar fitilar tirela da dare. Ba haka ba ne. Aikinta kawai a hango ta.

Tsayinta ma saboda lanƙwasar doron ƙasa ne: fitila mai tsayin mita 50 ana hango ta daga wajen kilomita 27.

A mashigi mai ƙunci, inda yashi ya taru dama da hagu, fitilu biyu ake kafawa: gajera a gaba, doguwa a bayanta da tazara. Matuƙi na ganin doguwar ta hau daidai kan gajerar, to yana tsakiyar hanya. Kamar ka tsaya inda giginya ɗaya ta rufe 'yar'uwarta. In ta sama ta zame dama, jirgin ne ya kauce dama, sai a karkata hagu, wajen ta ƙasa. Mai fita teku da ya ba su baya yakan rikice a nan, ya juya akasi, jirgi ya kafe a yashi. Da rana kuwa, alluna masu zane ake daidaitawa.