Don Allah ku daina toshe ɗakin 'yan tsaki da leda

Tun da hunturu ya shigo, da wuya mako ya wuce ba a kira ni da sassafe a kan magana ɗaya ba. "Malam, zo ka gani, lafiya lau suka kwanta, mun tashi sun mutu." In je in tarar da kwali guda, 'yan tsaki hamsin, ana kwashe su a kwano. Tun daga bakin ƙofa nake gane abin da ya faru: taga an liƙe ta da leda, ƙarƙashin ƙofa an cusa tsumma, ga kurfoti cike da gawayi a tsakar ɗaki.

Na san abin da ya sa kuke yin haka, kuma ban ga laifin niyyarku ba. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya yi kamar mako biyu. Ga shi sun sha doguwar tafiya a mota, wasu tun daga Ibadan, wasu daga Jos, sun iso a galabaice. Dole a ba su wuta. A makon farko suna son ɗumi digiri 32 zuwa 35 a daidai inda suke tsaye, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako har gashi ya rufe su. Wannan duk daidai ne.

Amma wa ya ce a hana su numfashi?

Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana cinye iskar da ke ciki, ya saki wata guba wadda ba ta da wari, ido ma ba ya ganinta. Ita ce take kashe mutane in sun kwana da garwashi sun kulle ƙofa, kowa ya taɓa jin irin wannan labari. Abin da ke kayar da ƙaton mutum, ina ga ɗan tsakon da bai cika tafin hannu ba? Na faɗa a taron mata, na faɗa gida-gida, amma da dare ya yi aka ji iska ta kaɗa, sai a koma a jawo leda. Gari na wayewa kuma a ce mai sayarwa ne ya ba da marasa lafiya, ko a ce baki ne. Hajiya, ledar nan ce. Kuɗin adashenki kika zuba, wata ma bashi ta ci, shi ya sa nake jin zafin abin.

Ku rufe ƙasa, inda iska ke bugun su kai tsaye, wannan ban hana ba. Sama kuwa a bar kafa, ko da faɗin tafin hannu ne, a ɓangare biyu, dare da rana. Kafar nan ba za ta sa su ji sanyi ba muddin wutar na ci. Kuma a hura gawayin a tsakar gida, sai ya zama jan garwashi, hayaƙi ya ɗauke, sannan a shiga da shi. Ko a hakan ma kafar tana nan, kada a taɓa ta.

In babu ma'aunin zafi, su da kansu za su gaya miki. Sun cure a gindin wuta suna hawa kan juna suna tsuwa, sanyi suke ji. Sun gudu jikin bango sun buɗe baki, zafi ya yi yawa. Sun taru a gefe ɗaya, iska ce ke shigowa ta wani wuri. Sun bazu suna ci suna sha, to madalla. In kuwa kika shiga kika ji kanki ya yi nauyi, ko kika ga sun yi laƙwas ba motsi, buɗe ƙofar nan take, kada ki tsaya neman magani.

Sauran a gurguje:

A ɗumama ɗakin tun kafin su iso, ba sai mota ta tsaya ba.
Kada a zuba su a kan siminti tsirara, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko diddigar katako, busasshe.
A kewaye su da kwali a zagaye, don a kusurwa suke danne juna.
A ɗora kurfoti a kan bulo, a kare shi da waya.
Farin ƙwan lantarki na zamani haske kawai yake bayarwa, ba ya ɗumi.
Ruwa kafin abinci, kuma kada ya zama mai sanyi ƙarara.

Makon farko kam babu barci mai nauyi. Sanyin goshin asuba ya fi na ko wane lokaci, kuma a lokacin ne garwashi ke mutuwa, don haka a tashi a ƙara. Yara kuma kada a sa su kwana a ɗakin da sunan gadi. In kin zo ƙara wuta, ki ɗaga kai ki duba kafar nan, ko wani ya toshe ta bayan fitarki.