Ƙarfe nawa abin ya faru?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nas ce, a imajensi nake aiki a nan Gombe, kuma duk wanda ya taɓa kawo mana mai hatsari zai tuna tambayar da nake fara yi tun kafin a sauko da shi daga keke napep: ƙarfe nawa abin ya faru? Wasu har haushina suke ji, wai mutum na kwance cikin jini ita kuma agogo ne damuwarta. Toh dan Allah ku ɗan bani aron hankalinku in faɗa muku dalili, domin amsar wannan tambayar ce take gaya mana wane magani ne zai yi aiki, wane ne lokacinsa ya riga ya wuce.

Kwanakin baya aka kawo mana wani yaro ɗan acaɓa, ba zai wuce shekara 22 ba. Mota ce ta buge shi bayan la'asar kaɗan, ya faɗi, kan mashin ɗin ya doke shi a haƙarƙarin hagu, amma ya miƙe da ƙafarsa ya kakkaɓe riga, ba jini ko kaɗan sai ƙujewa a gwiwar hannu. Jama'a suka ce alhamdulillahi abin ya zo da sauƙi. Aka kai shi gida, aka kira mai ɗori ya duba hannun, aka gasa masa gefen da ruwan zafi, aka siyo maganin ciwon jiki a kemis. Ya dinga cewa a bashi ruwa, ana bashi yana ƙara nema, kowa ya ɗauka zafin rana ne. Sai bayan isha'i da ya tashi zai zaga bayi ya yanke jiki ya faɗi. Goma saura suka iso mana. Na buɗe tafin hannunsa fari fat, na ja fatar idonsa ita ma haka, gumi mai sanyi ya jiƙa masa goshi, bugun jijiyar hannunsa da ƙyar nake jinsa kuma gudu yake, cikin ya yi tauri kamar ganga. Mahaifinsa ya matso yace min "Sista, wallahi ko ɗigon jini yaron nan bai zubar ba." Nace "Baba ya zubar, a cikinsa ya zubar." Saifarsa ce ta fashe tun la'asar, awa kusan shida tana tsiyaya.

Jinin jikin babban mutum wajen lita 5 ne, kamar ledar fiya wata goma kenan, shikenan abin da muke yawo da shi. Karayar ƙashin cinya kaɗai zata iya shanye lita ɗaya ko fiye a cikin nama ba tare da an ga komai a waje ba, ƙashin ƙugu ya fi haka, ciki kuwa ba a magana. Matashi mai ƙarfi jikinsa yana iya ɓoye wannan na ɗan lokaci, yana magana yana dariya, sai ya kai wani mataki ya zube gaba ɗaya. Shi yasa ƙishirwa mai tsanani bayan hatsari, jiri in an miƙe, gumi mai sanyi, fari a ido da tafin hannu, ciwon ciki ko ciwon kafaɗar hagu bayan an bugu a haƙarƙari, ba abin a ce bari mu ga zuwa gobe bane.

Yanzu ga inda maganar agogo ta shigo. Akwai wata allura da muke kira tiranezamik asid, a wurin aiki TXA muke cewa. Tsohon magani ne, wata likita 'yar Japan mai suna Utako Okamoto da mijinta ne suka samo shi tun 1962. Aikinsa ba wai ya ƙirƙiro gudan jini bane, a'a, in ka ji rauni jikinka yana yin gudan da zai toshe wurin, sai dai a lokacin mummunan rauni jikin yana saurin narkar da gudan nan da kansa, toh allurar tana hana wannan narkarwar ne. Shekara da shekaru ana amfani da shi a wasu tiyatoci da matan da jinin al'adarsu ke yawa, amma ba wanda ya isa ya ce tabbas yana ceton masu hatsari, sai da aka yi wani babban bincike mai suna CRASH-2 wanda aka fitar da sakamakonsa a 2010. Mutum sama da 20,000 masu rauni, a asibitoci 274 cikin ƙasashe 40, har da asibitocin Najeriya. Rabi aka musu allurar gaske, rabi aka musu ruwan gishiri da babu maganin a ciki, ban da wannan duk kulawar ɗaya ce, kuma ƙuri'a ce ke raba su, likitan da ke yi ma bai san wacce ya ɗauka ba don kar son rai ya shiga lissafi. Da aka ƙirga sai aka ga mutuwa ta ragu a waɗanda suka samu maganin. Da aka ƙara tonawa aka duba lokaci, nan ne abin ya fito fili: wanda aka yi wa cikin awa ɗaya na farko, haɗarin mutuwa ta zubar jini ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, tsakanin awa ɗaya zuwa uku ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, bayan awa uku kuwa ba amfani, alamu ma sun nuna zai iya cutarwa. Wani nazari da ya biyo baya ya nuna duk minti 15 da aka jinkirta, amfanin maganin na raguwa da kashi 10 cikin 100. Minti 15 fa 'yan uwa, lokacin da ake ɓatawa ana jiran yayan mutum ya zo daga kasuwa ya ce a tafi.

Mata ma abin ya shafe mu kai tsaye. A 2017 aka fitar da binciken WOMAN, mata sama da 20,000 da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa a ƙasashe 21, sama da 5,000 daga cikinsu matan Najeriya ne. Sakamakon kusan iri ɗaya, in an yi allurar cikin awa uku da haihuwa mutuwa ta zubar jini na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma a shekarar hukumar lafiya ta duniya ta sa shi cikin abin da ya kamata a yi wa mai zubar jini bayan haihuwa. Duk matar da ta haihu a gida jini ya ƙi tsayawa, zani na jiƙewa ana canza wani, dan girman Allah kar a tsaya jiƙe-jiƙe, agogonta ya fara tafiya tun sadda jaririn ya faɗo.

Kar wani ya karanta wannan ya tafi kemis neman allurar ya ajiye a gida. A jijiya ake yin ta a hankali cikin minti goma, ma'aikacin lafiya ne ke yi, kuma bata ɗinke saifar da ta fashe, bata maye gurbin ƙarin jini ko tiyata. Lokaci take siyo wa mutum kafin a shiga da shi tiyata. Yaron nan namu da ya zo lokacinta ya riga ya wuce, bamu yi masa ba.

Ina son maganar binciken nan ne saboda mu kanmu ma'aikatan lafiya yana gyara mu. Sama da shekara 30 likitoci a duniya suna yi wa wanda ya bugu a kai allurar sitiroyid da kyakkyawar niyya, wai tana rage kumburin ƙwaƙwalwa, kowa ya yarda da haka. Da aka gwada a mutum 10,000 sai aka tsayar da binciken a 2004 tun bai ƙare ba, domin waɗanda aka yi wa allurar sun fi mutuwa, 21 cikin 100, waɗanda ba a yi wa ba 18 cikin 100. Aka daina. In likita da digirinsa zai shekara talatin kan kuskure sai da aka ƙirga aka gane, toh mu ma mu yarda cewa "haka muka taso muka ga ana yi" ba hujja bace a kan zuba man birki ko fetur ko toka ko ƙasa a kan rauni. Wallahi muna ganinsu, kuma kafin likita ya ɗinke sai mun ɓata lokaci muna wanke su, ga tetanas ga ruɓewa.

Na san in aka ce bincike gaban mutanenmu faɗuwa yake, kuma ban ga laifinsu ba, abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan a kan yara, har yau mutane basu manta ba. Amma ku sani yanzu akwai ƙa'ida, dole kwamiti ya duba bincike kafin a fara, dole a yi maka bayani da yaren da kake ji, kana da damar cewa a'a kuma ƙin ka ba zai hana a kula da kai ba. Kuma mu 'yan Gombe mun ci amfaninsa a gida. Maganin sarar kububuwa na EchiTAb a asibitin Kaltungo aka gwada shi a kan mutum 400, manomanmu da makiyayanmu ne, aka fitar da sakamakon a 2010, dafin macijin nan shi ma hana jini daskarewa yake.

Toh me zaka yi in kai ne a wurin? Abu na farko ka kalli wayarka ka riƙe lokacin, in ka samu biro ka rubuta a hannun mutumin ma ya yi. Ita wayar kira zaka yi da ita, 122 na 'yan rod sefti ko 112, ba bidiyo ba, abin nan na ci min rai, mutum talatin sun zagaye mai rauni kowa ya ɗaga waya ba wanda ya durƙusa. Inda jini ke fita ka samu ƙyalle mafi tsabta da ke kusa, ɗankwali, rawani, riga, ka danna da ƙarfinka duka kar ka dinga ɗagawa kana leƙawa, in ya jiƙe ka ɗora wani a kai ka cigaba da dannawa har asibiti. In hannu ne ko ƙafa jini na tsartuwa dannawa ta kasa, a ɗaure saman raunin da ƙyalle mai faɗi a sa ɗan itace a murɗa har ya tsaya, a rubuta lokacin, kar a kwance a hanya, kuma banda waya ko siririyar igiya. Wannan ɗaurin na zubar jini ne kawai, saran maciji ba a ɗaurewa. Ƙarfe ko gilashi ko wuƙa da ta shige jiki kar a zare, sau da yawa ita ce ta toshe jijiyar. Kar a bashi ruwa ko madara ko kunu komai roƙon da zai yi, na san da wuya, amma in za a shiga da shi tiyata abin da ke cikinsa zai iya dawowa ya shige huhu. A lulluɓe shi, domin jikin da ya yi sanyi jininsa baya daskarewa da kyau, musamman hatsarin dare lokacin hunturu a hanyar Bauchi ko ta Yola. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko yace baya jin ƙafafunsa, ko baya cikin hayyacinsa, kar a ciccibe shi hannu da ƙafa a naɗe shi a kujerar baya, a samu katako ko ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki sauran su ɗaga tare.

Maganar tsoron 'yan sanda kuma, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, sannan akwai dokar 2017 da ta wajabta wa asibiti na gwamnati ko na kuɗi ya kula da wanda aka harba ko da takardar 'yan sanda ko babu. Masu ɗori kuma ban raina sana'arsu ba, amma ƙashi zai iya jira, a fara zuwa a tabbatar ba jini a ciki tukuna.

Yaron nan sha ɗaya ta wuce aka shiga da shi tiyata, aka cire saifar, leda huɗu na jini ya sha. Biyu abokan sana'arsa ne suka miƙa hannu a daren, ɗaya ƙanin babansa, ta huɗun wani bawan Allah ne da ya zo jinyar matarsa ya ji ana cigiya a baranda. Ledar da ake ɗiba bata kai ta fiya wata cika ba, kuma mai lafiya jikinsa na mayarwa. Kwana tara ya yi a gado. Ranar da aka sallame su Baban ya tsaya a ƙofar imajensi yana ta sa mana albarka, sai yace "Sista, da mun kawo shi tun la'asar fa?" Nace Baba da bai zubar da rabin abin da ya zubar ba, kuma da allurar nan ta same shi a kan lokaci. Ya yi shiru, sannan ya ciro wayarsa yace in sa masa lambar nan ta 122.