Ma'anar "tantancewa" idan ta shiga ɗakin jinya

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo ba ka ji kalmar tantancewa ba. Jam'iyya na tantance 'yan takara, majalisa na tantance ministoci, gwamnati na tantance ma'aikata don tsamo na bogi. Ko'ina manufar ɗaya ce: a raba aya da tsakuwa, wani ya tsallake, wani ya faɗi. Matsalar ita ce masu shirye-shiryen lafiya sun ɗauko kalmar da kayanta duka. Sai ka ji an ce wanda ɓarin jikinsa ya shanye "za a tantance shi", 'yan'uwa kuma su zauna zugum suna jiran hukunci, ko ya ci ko ya faɗi. Wannan fahimtar tana ɓata mini rai, domin tana sa majinyaci ya ɓoye gazawarsa daga mutumin da ya zo nemanta don ya gyara.

Fannin da nake magana a kai shi ne wanda ake kira okufeshinal terafi. Shi ma ya sha wahala a hannun masu fassara. Wasu su ce "koyar da sana'a", wasu su haɗa shi da gashin ƙashi. Mai gashin ƙashi ya fi damuwa da tsoka da gaɓa da tafiya. Wannan kuwa damuwarsa abin da mutum zai yi da gaɓar. Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta kamawa ko mamayewa, wato duk abin da ke mamaye wa mutum yininsa: wanka, sa tufafi, rubutu, wasan yaro, aikin ofis. Da ni aka tambaya, "jinyar hidimomin yau da kullum" zan ce. An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan aiki a 1917 a Clifton Springs da ke jihar New York ta Amurka, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai George Barton, mai zanen gine-gine da ya yi fama da tarin fuka, ya rasa wani sashe na ƙafarsa, ya kuma farfaɗo da kansa ta hanyar kafinta da aikin lambu.

To mene ne tantancewa a nan? Aunawa ce, don a san inda za a fara, a kuma dawo bayan makonni a ga ko an matsa. Akwai na'urar da ake matsewa da hannu ta nuna ƙarfin damƙa. Akwai allo mai ramuka 9 da ake zura 'yan sanduna a cire ana duba agogo. Waɗannan ba su da rikici.

Rikicin yana wurin maki. Ɗauki ma'aunin Barthel, wanda Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka fitar a 1965 a Maryland. Abubuwa 10 yake dubawa, maki 100 gaba ɗaya. Tafiya 15, tashi daga gado zuwa kujera 15. Cin abinci, sa tufafi, shiga banɗaki, riƙe fitsari, riƙe bayan gida da hawa matakala kowanne 10. Wanka 5, gyaran fuska da gashi 5. A ce wani malamin makaranta ya samu shanyewar ɓarin jiki, bayan wata uku ya samu 90. Duk wanda ya saba da jarrabawa zai ce ai ya warke, a sallame shi. Amma duba abin da takardar ba ta tambaya ba. Ba ta tambayi ko zai iya riƙe alƙalami ba. Ba ta tambayi ko yana gane wane magani ne na safe wane ne na dare ba, ko zai iya ƙirga canji, ko zai tuna ya kashe murhu. Maki 10 da ya rasa kuwa na matakala ne, alhali ƙila babu matakala ko ɗaya a inda yake zaune. An rage masa maki kan abin da bai dame shi ba, abin da ke hana shi barci kuma babu gurbinsa a takardar. Su kansu waɗanda suka tsara ma'aunin sun yi gargaɗin cewa mai maki 100 ba lallai ya iya zama shi kaɗai ba. Wannan giɓin ne ma'aunin Lawton da Brody na 1969 ya cike da abubuwa 8, ciki har da amfani da waya, sayayya, shan magani da sarrafa kuɗi.

Siyasa ma ta taɓa faɗawa wannan ramin. A 2018 an sanar cewa Donald Trump ya samu 30 cikin 30 a gwajin MoCA, daga baya ya riƙa tinƙaho da shi kamar shaidar kaifin basira. Gwaji ne na kusan minti 10 da aka yi don hango alamun raunin ƙwaƙwalwa tun da wuri. Cika makinsa ba ya nuna hazaƙa.

Ma'aunin da ya fi kwanta mini shi ne wanda ake kira COPM, da Mary Law da abokan aikinta suka fitar a Kanada a 1991. A nan majinyaci ne ke faɗin abin da za a auna. Ya zaɓi matsaloli har 5 da suka fi tsaya masa a rai, ya ba kansa maki daga 1 zuwa 10 kan yadda yake iya yin kowanne, sannan wani makin kan yadda ya gamsu da hakan. Idan an sake aunawa aka ga ƙarin maki 2, ana ɗaukarsa canji na gaske. Malaminmu na ɗazu zai ce alƙalami, kuma daga alƙalamin za a fara.

Sai dai ba zan ɓoye aibinsa ba. Wanda cutar ta taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsa yakan manta da hagunsa ɗungurungum, kuma sau da yawa bai san ya manta ba. Ka tambaye shi yaya sa riga, ya ba kansa 10 da zuciya ɗaya. Shi ya sa ƙwararre ba ya tsayawa ga tambaya. Zai miƙa masa rigar, ya ja kujera ya zauna, ya kame hannunsa daga taimako, ya kalli yadda hannun dama ya shiga, hannun rigar na hagu kuma yana reto a bayansa.