Waiwaye: Yadda binciken shaye-shaye a Amurka ya kai ga gidajen masu jin Sifaniyanci

Ƙidayar 2020 ta nuna cewa mutum miliyan 62 da ɗoriya a Amurka tushensu ƙasashen masu jin Sifaniyanci ne, kusan ɗaya cikin biyar ke nan. Amma shekara 50 da suka wuce, wanda ke son sanin yadda shaye-shaye ke cin wannan al'umma ba shi da alƙaluman da zai riƙe. Sai a 1977 gwamnatin tarayya ta ware musu rukuni a takardun ƙididdiga, kuma sai a ƙidayar 1980 aka yi wa kowane gida tambayar. Ɗan abin da aka sani kafin nan daga asibitoci da gidajen yari ya fito: 'yan asalin Meziko masu allurar hiroyin a San Antonio da Los Angeles, da 'yan Puerto Rico a New York. Ba a ganinsu sai aski ya zo gaban goshi.

A Miami abin ya sauya salo. A shekarun 1970 garin ya cika da iyalan da suka baro Kyuba bayan juyin juya halin 1959, matasansu kuma sun fara faɗawa shaye-shaye. José Szapocznik na Jami'ar Miami, shi ma haifaffen Kyuba, ya lura tare da abokan aikinsa cewa yara na koyon Ingilishi da ɗabi'un Amurka cikin sauri, iyaye kuwa suna nan kan harshe da tarbiyyar gida. Yaro ya zama tafintan ubansa a banki da makaranta, girman uba ya ragu, rigima ta yi yawa, yaro ya koma wa abokan titi. Saboda haka suka daina zama da yaron shi kaɗai, suka fito da tsarin jinya na 'yan watanni wanda ke tara iyali gaba ɗaya.

Wahalar ita ce shawo kan iyalin su zo, musamman uban da ke ganin zuwa wurin likitan halayya tonon asiri ne. A binciken da suka buga a 1988, sun gwada bin iyali da lallashi, ta waya har da zuwa gida. Kashi 93 cikin 100 na waɗanda aka bi haka suka fara jinya, cikin waɗanda aka bi ta hanyar da aka saba kuwa kashi 42. A ganina wannan ya fi duk wani sakamako na wancan zamanin amfani. Daga wannan jami'a kuma shirin rigakafi na Familias Unidas ya fito, wanda Hilda Pantin da Guillermo Prado suka jagoranta, inda iyaye ne ake horarwa.

A 1998 William Vega ya buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa mutum sama da 3,000 'yan asalin Meziko a yankin Fresno na Kalifoniya. Abin mamaki, baƙin da suka tsallako, duk da talaucinsu, sun fi waɗanda aka haifa a Amurka tsira daga shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa, kuma gwargwadon daɗewar mutum a ƙasar gwargwadon ƙaruwar haɗarin. Masu cewa baƙi ne ke shigo da ɓarna ba su ji daɗin wannan ba. Har yanzu ana gardama kan dalili: wasu su ce zumunci da addini ne garkuwa, wasu su ce wariyar da ɗan ƙasa ke tasowa cikinta ce ke cin sa.

A makarantun Phoenix kuma, Flavio Marsiglia da Michael Hecht sun haɗa darussan rigakafi da labaran ɗaliban kansu, ana koya wa yaro ya ƙi, ko ya ba da uzuri, ko ya kauce, ko ya bar wurin. An gwada a makarantu 35. Sigar da aka gina kan al'adun 'yan Meziko ta yi aiki, haka ma wadda ta gauraya al'adu. Shirin D.A.R.E. da 'yan sanda ke koyarwa, wanda bincike ya daɗe yana nuna bai tsinana komai ba, ya ɗauki waɗannan darussa a 2009.

Hukuma ta biyo baya a hankali. Dokar 1993 ta wajabta sa tsiraru a gwajin jinya da kuɗin gwamnati, a 2001 aka kafa ƙungiyar masana masu binciken shaye-shaye a wannan al'umma da tallafin NIDA, cibiyar gwamnati ta binciken shaye-shaye, wadda Nora Volkow, haifaffiyar Meziko, ta fara shugabanta a 2003. Sai dai da aka kai tsarin jinyar iyali na Miami asibitocin unguwa a garuruwa daban-daban, sakamakon 2011 ya nuna ya fi riƙe iyali a jinya, amma bambancinsa wajen rage shan ƙwaya bai taka kara ya karya ba.

Cusa kowa a rukuni ɗaya ma ya ɓoye abubuwa. Gundumar Rio Arriba a New Mexico, inda iyalai suka zauna tun kafin yankin ya shiga Amurka, ta daɗe cikin wuraren da hiroyin ta fi kisa. A Puerto Rico aka fara ganin ana gauraya hiroyin da maganin sa dabbobi barci, zailazin, tun farkon shekarun 2000, kafin ya bazu a Philadelphia. Da fentanil, ƙwayar da ta fi hiroyin ƙarfi, ya mamaye kasuwa, mace-macen shan ƙwaya fiye da kima a Amurka suka haura 100,000 a shekara a 2021, na masu jin Sifaniyanci ma suka hau. Su ne kuma cikin waɗanda suka fi rashin inshorar lafiya, asibitocin da ke da mai ba da shawara da harshensu ba su wadata ba, marar takardun zama kuwa yana tsoron rubuta sunansa a kowane ofis.