Wace Takarda Ce Ta Dace Da Hoton Baƙi Da Fari?

Masu situdiyo a Kaduna, daga titin Ahmadu Bello zuwa Tudun Wada, hannunsu ya faɗa a kan hoton biki mai launi. Ranar da aka kawo tsohon hoton kaka a sabunta, ko amarya ta ce baƙi da fari take so, ranar takarda ke tona asiri.

Shin takardar hoto ba duk ɗaya ba ce?

Ina! Launi yana rufe aibi. A baƙi da fari kuwa babu abin kallo sai zurfin baƙi, hasken fari da ruwan tokan da ke tsakaninsu. Ɗauki hoton dattijo baƙi cikin farar babbar riga. Kana son a ga aikin zaren ƙirjin rigar, a kuma ga layin goshinsa a inuwar rawani. Takardar banza za ta mayar da fuskar dunƙulen duhu, rigar kuma fari fat kamar ba a taɓa yi mata aiki ba.

Mai sheƙi zan saya ko marar sheƙi?

Mai sheƙi ta fi fitar da baƙi wuluk, sai dai tana kama shatin yatsa, kuma in aka sa ta a gilashi aka rataye daura da taga, fuskarka za ka riƙa gani. Marar sheƙi tana da sanyin kallo, amma baƙinta bai kai can ba. Ni dai ga aikin yau da kullum na fi yarda da tsaka-tsakinsu, wadda ake rubuta Lustre ko Satin a kwalinta.

Mece ce barita da ake ta yabo?

Takarda ce da ake shafa wa sinadarin bariyom salfet, irin na takardun wankin hoto a ɗakin duhu na da. Shi ya sa hotonta yake tuna wa mutum hotunan zamanin Sardauna. Canson Baryta Photographique ɗaya ce daga cikinsu. Akwai kuma ta auduga zalla, kamar Photo Rag ta Hahnemühle, kamfanin Jamus da ke yin takarda tun 1584. Ba kowane shago ke ajiye su ba, kuɗinsu kuma dala yake bi.

Na sayi takarda mai kyau, amma hoton ya fito da kore-kore. Me ya jawo?

Sau da yawa laifin ba na takarda ba ne. Firintoci irin su Epson L805 da L1800 tawada shida gare su, irin ta rini, baƙar kuma ɗaya tal. Don haka ruwan toka haɗa shi suke daga sauran launuka, da an ɗan kuskure ma'auni sai ya karkata kore ko shunayya. Ka tabbata sunan takardar da ka zaɓa a kwamfuta ya dace da wadda ke cikin firinta, ka kuma sauko da fayil ɗin ICC na takardar in akwai, wato fayil ɗin da ke daidaita launin firinta da irin wannan takarda. Kada ka yanke hukunci a hasken fitilar shago. Bari hoton ya kwana ya bushe, ka duba shi da rana.

Manyan firintoci irin su Epson SureColor P900 tawadarsu mai ƙwayar launi ce, ba ta rini ba, suna da ruwan toka nasu, da baƙi biyu: ɗaya na mai sheƙi, ɗaya na marar sheƙi. Su takardar auduga ta fi dacewa da su. Mai tawadar rini da ya kashe kuɗi a kanta, a ganina, ya ɗaura wa jaki sirdin doki, don tawadar za ta riga takardar koɗewa.

Lambar giram da ke jikin kwali fa?

Nauyin takarda ne a kowace murabba'in mita. Ta ofis 80 ce, ta hoto takan kama daga 180 zuwa 260, Photo Rag ɗin da aka fi sani 308. Mai kauri irin wannan ɗaya-ɗaya ake saka ta, ba kowace firinta ce ma ke iya jan ta ba.

Wadda ta fi fari tas ita ce ta fi kyau?

A ranar farko, e. Yawancin takardu masu fari tas an sa musu sinadarin ƙara haske ne, wanda ke mutuwa a hankali, takardar ta koma ɗorawa-ɗorawa. Hoton da za a bar wa jikoki, a nemo masa marar wannan sinadari.

Yaya zan ajiye ta a yanayinmu?

A kwance, cikin ledarta da kwalinta. Da damina laima na sa ta lanƙwashe har kan firinta mai fesa tawada ya goge ta. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: ƙwaya ɗaya ta zauna kafin tawada ta sauka, in ta kaɗe sai ta bar farin ɗigo a tsakiyar baƙin gashin amarya. Kaɗe kowace takarda da buroshi mai laushi kafin ka saka ta.