Ma'anar furotiyomiks da amfaninsa a likitancin dabbobi

Furotiyomiks shi ne nazarin ɗaukacin furotin ɗin da ke cikin wani samfuri a wani lokaci ƙayyadadde: waɗanne iri ne, nawa ne yawan kowanne, kuma wane sauyi ya same su. Samfurin kan zama jini, madara, fitsari, yawu, maniyyi, tsokar nama, ko ma jikin ƙwayar cutar da ke damun dabbar. Jimillar furotin ɗin ita ake kira furotiyom, kalmar da Marc Wilkins, ɗan ƙasar Ostireliya, ya ƙirƙira a 1994 yana ɗalibin digiri na uku, ya kuma fara furta ta a wani taron masana a birnin Siyena na Italiya.

Dalilin da ya sa likitocin dabbobi suka rungumi abin ba ɓoyayye ba ne. DNA ɗin saniya ɗaya ne tun tana maraƙa har ta tsufa, kuma wanda ke hantarta shi ne ke hantsarta. Yana faɗa maka abin da jiki zai iya yi. Furotin kuwa su ne ma'aikatan: su ke narkar da abinci, su ke yaƙar cuta, su ke gina tsoka, su ke zama madara. Yawansu na hawa da sauka cikin awoyi, gwargwadon zazzaɓi, yunwa, zafin rana, ɗaukar ciki ko wahalar tafiya a mota. Saniya na da ƙwayoyin gado wajen 22,000, amma ire-iren furotin ɗin da ke fitowa daga cikinsu sun ninka haka sau da yawa, domin bayan an ƙera furotin jiki na iya yanke shi, ko ya maƙala masa sukari ko fosfet, aikinsa ya canza. Dabba ba ta da bakin cewa ga inda ke mata ciwo, kuma dabbobin kiwo sun iya ɓoye rashin lafiya har sai ta ci ƙarfinsu. A nan ne furotin ke yin maganar da dabbar ba za ta iya yi ba.

Kada a haɗa wannan da gwajin jimillar furotin da aka saba yi wa abincin dabbobi. Wancan gwajin naitirojin yake aunawa, sai a lissafa furotin daga gare shi. Shi ya sa a 2007 aka iya cusa melamin, sinadari mai yawan naitirojin, cikin kayan haɗa abincin karnuka da kyanwoyi, gwaji ya nuna furotin ya cika, dabbobi kuma suka yi ta mutuwa da ciwon ƙoda a Amurka. Furotiyomiks sunan kowane furotin yake nema, ɗaya bayan ɗaya.

Aikin yana farawa ne daga garke, kuma a nan ne yawancin bincike ke lalacewa tun kafin a kunna na'ura. Idan jini ne, a yanke shawara tun farko ko ruwan da ke fita bayan an bar jini ya daskare ya yi guda za a yi amfani da shi, ko na jinin da aka zuba wa sinadarin EDTA don kada ya yi guda, kuma a tsaya a kan guda ɗaya har ƙarshen binciken, domin furotin ɗinsu ba ɗaya ba ne. Ana juya kwalbar a injin rarrabewa na minti 10 zuwa 15, a kwashe ruwan sama, a raba shi ƙananan kwalabe, a adana a sanyi digiri 80 ƙasa da sifili. Hikimar rabawar ita ce duk narkewa da sake daskarewa na farfasa wasu furotin, don haka kwalba ɗaya ta amfani ɗaya ce. A ɗaga kwalbar a duba ta da haske. Idan ruwan ya yi ja-ja maimakon ruwan ɗorawa, jajayen ƙwayoyin jini sun fashe, galibi saboda allura siririya, ko jan sirinji da ƙarfi, ko girgiza kwalba. Himogulobin, furotin ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyin, idan ya zubo zai cika sakamakon, kuma zai kama haftogulobin, furotin mai tashi idan jiki ya kamu da kumburi, wanda sau da yawa shi ne ma ake nema. Irin wannan samfuri gara a sake ɗiban wani.

Matsala ta gaba ita ce furotin masu yawa suna danne marasa yawa. Wajen rabin furotin ɗin ruwan jini albumin ne, kuma tazarar da ke tsakanin mafi yawa da mafi ƙanƙanta ta haura ninki biliyan 10. A madarar saniya wani furotin mai suna kesin ne ke da kusan kashi 80 cikin 100. Don haka ana fara cire mai ta hanyar juyawa cikin sanyi, sannan a saukar da kesin ta hanyar ƙara tsami har awon pH ya kai 4.6, a yi aiki da ruwan da ya rage. Ga jini akwai kayan cire albumin da ake sayarwa, sai dai yawancinsu domin jinin ɗan adam aka ƙera su, kuma ba sa kama na saniya ko na kaza yadda ya kamata. Duk wanda zai yi amfani da su ya fara gwada su a kan dabbarsa. A kuma tuna albumin na tafiya da ƙananan furotin maƙale a jikinsa, to cire shi na iya tafiya da abin da ake nema.

Daga nan sai narkarwa. Ana ɗaukar furotin kamar maikurogiram 20 zuwa 100, a warware naɗinsa da yuriya mai ƙarfi, a katse ɗaurin salfa da ke riƙe naɗin da sinadarin DTT, sannan a toshe wuraren da ayodo'asitamaid cikin duhu na kamar minti 30 don kada su sake ɗauruwa. Sai a sirka yuriyar ta sauko ƙasa da mola 2 (mola ma'aunin ƙarfin sinadari ne a ruwa), in ba haka ba tirifsin ba zai yi aiki ba. Tirifsin shi ne almakashin: yana yanke furotin a bayan biyu daga cikin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su: laisin da ajinin. Ana sa kashi 1 nasa ga kashi 50 na furotin, a bar su kwana ɗaya a zafi digiri 37. Guntayen da suka fito su ake kira feftaid. Kuskure biyu ne suka fi yawa a wannan mataki. Na farko ɗumama samfuri alhali yuriya na da ƙarfi a ciki, wanda ke sa ta maƙala wa furotin wani abu da zai canza nauyinsa, manhaja ta kasa gane shi. Na biyu keratin, furotin ɗin fata da gashi. Ɓurɓushin fatar hannun mai aiki, ko zaren rigar ulu, ya isa ya mamaye sakamako. A binciken fatar tumaki ko kofato abin ya fi rikitarwa, tunda keratin ɗin ne ma ake nazari.

Ana wanke feftaid daga gishiri, a tura abin da bai wuce maikurogiram 1 ba cikin wani siririn bututu da ke sakin su bi da bi cikin minti 60 zuwa 120. Suna fitowa ana fesa su da lantarki cikin na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadarai, wato mas sifektiromita. Na'urar na auna nauyin kowane feftaid, ta farfasa shi, ta auna guntayen. Dabarun da suka sa aka iya tashin manyan ƙwayoyi irin furotin zuwa iska ba tare da sun tarwatse ba su ne suka ba John Fenn da Koichi Tanaka rabo a kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2002. Kafin wannan na'ura ta bunƙasa, hanyar da aka dogara da ita ita ce shimfiɗa furotin a kan faifan jel ta fuska biyu, wadda Patrick O'Farrell ya bayyana a 1975, kuma har yanzu ana amfani da ita a binciken nama.

Na'urar ba ta san sunan furotin ba. Lambobi take bayarwa, sai manhaja irin Mascot ko MaxQuant ta gwada su da rumbun bayanai irin UniProt. A nan likitancin dabbobi ke da tasa wahalar. Abin da babu shi a rumbu ba za a gan shi ba, ko da yana cike da kwalbar. An kammala karanta DNA ɗin kaza a 2004, kare a 2005, saniya da doki a 2009, alade a 2012, amma rumbun raƙumi, bauna, yawancin kifaye da namun daji bai kai nasu cika ba. Na saniya ma daga wata saniya ce jinsin Hereford, mara tozo, don haka mai aiki da shanu masu tozo zai iya rasa feftaid ɗin da suka ɗan bambanta. Wasu kan ari rumbun dabba mafi kusa, kamar na tunkiya don akuya, yana kuma taimakawa, muddin an faɗi hakan a rahoto. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada kuskuren ganewa ya wuce kashi 1 cikin 100, kuma an fi natsuwa da furotin ɗin da aka gane da feftaid biyu ko fiye da babu su a wani furotin.

Cikin wuraren da aka fi amfani da fannin akwai ciwon hantsa a shanun madara. Nau'in da ba ya nuna alama shi ya fi cin dukiya: hantsa ba ta kumbura ba, madara fara tas, amma yawanta na raguwa. Gwajin da aka saba shi ne ƙidaya ƙwayoyin jiki a madara, inda haura 200,000 a mililita ɗaya ke nuna akwai matsala. Nazarin furotin ya nuna abin da ke faruwa a ciki. Kesin na raguwa kuma yana farfashewa, albumin na tsallakowa daga jini domin shingen hantsa ya yi rauni, haftogulobin da amiloyid A da katelisidin kuma suna tashi. Waɗannan ukun su ne ake ta ƙoƙarin mayarwa gwajin da za a yi a wurin tatsa. David Eckersall na Jami'ar Gilasgo na cikin waɗanda suka daɗe a kan wannan aiki.

Furotin ɗin da hanta ke saki idan jiki ya kamu da kumburi sun koya wa likitoci cewa kowace dabba da nata. A kare CRP ne ke tashi da sauri, a doki da kyanwa amiloyid A ne, a saniya haftogulobin ne, wanda kusan ba a ganinsa a jinin lafiyayya amma yana iya ninkawa fiye da sau 100. CRP ɗin saniya kuwa da ƙyar yake motsi. Wanda ya ɗauki ma'aunin kare ya ɗora wa saniya zai ce mara lafiya ƙalau take.

A ɗakunan gwaji na asibitocin dabbobi, furotiyomiks ɗin da ake yi kullum shi ne gane ƙwayoyin bakteriya da na'urar MALDI-TOF. Bayan ƙwayar ta tsiro a faranti, ana ɗan lakuto ta da tsinke, a shafa a kan wani faifan ƙarfe, a ɗiga mata maikurolita 1 na wani sinadari mai taimakon haske, a bari ta bushe, a harba mata leza. Cikin 'yan mintoci zanen furotin ɗinta zai fito, a gwada da na rumbu. A tsarin Bruker, kamfani mai ƙera irin wannan na'ura, maki 2.0 zuwa sama na nuna an gane ainihin nau'in, 1.7 zuwa ƙasa da 2.0 kuma dangin kawai. Idan an lakuto da yawa, ko an haɗa ƙwayoyi iri biyu, ko nau'in na dabba ne da ba a sa a rumbu ba, maki zai faɗi. Masu taurin ɓawo kan buƙaci a fara jiƙa su da fomik asid.

A harkar nama, ana amfani da shi wajen fahimtar abin da ke sa wani nama laushi wani tauri, inda ake bin sawun kalfen, mai sassauta tsoka bayan yanka, da kalfastatin mai hana shi, da furotin ɗin da ke tashi idan dabba ta wahala kafin yanka. Ana kuma kama algus da shi. Bayan badaƙalar 2013 a Turai, lokacin da aka sami naman doki cikin kayan da aka rubuta wa naman shanu, an ƙara himma wajen samo feftaid ɗin da doki ko alade kaɗai ke da su, musamman masu jure dahuwa. Haka ma madara: ta raƙumi ba ta da beta-laktogulobulin, to ganinsa a cikinta shaida ce an gauraya ta da ta wata dabba. Masu neman rigakafin kaska da tsutsar ciki su ma suna tantance furotin ɗin hanjin waɗannan halittu don zaɓar wanda rigakafin zai kai wa hari. Allurar Barbervax ta tumaki, wadda Cibiyar Moredun ta Sikotilan ta samar aka fara sayarwa a Ostireliya a 2014, daga furotin ɗin hanjin tsutsar Haemonchus contortus aka yi ta.

Babban abin da ke kayar da sakamako shi ne tsarin binciken kansa. Idan aka auna furotin 2,000 a shanu biyar marasa lafiya da biyar masu lafiya, dole wasu su bambanta ta hanyar dace kawai, sai an yi gyaran lissafi na yawan gwaji. Idan marasa lafiyar tsofaffi ne daga gona ɗaya, masu lafiyar kuma karsana ne daga wata, to bambancin shekaru da abinci aka auna. Dole a daidaita jinsi, shekaru, kwanakin tatsa da lokacin ɗiban samfuri, a kuma cakuɗa jerin shigar da su na'ura, kada rukuni ɗaya ya shiga ranar Litinin ɗayan ya shiga bayan mako guda, domin na'urar kanta tana ɗan sauyawa. Haɗa jinin dabbobi da yawa a kwalba ɗaya na rage kuɗi, amma yana shafe bambancin da ke tsakaninsu, wanda shi lissafi ke buƙata.

Furotin ɗin da ya tsallake duk wannan har yanzu ɗan takara ne. Sai an sake auna shi da wata hanya dabam, kamar gwajin ELISA mai auna furotin guda ɗaya, a cikin ɗaruruwan dabbobi daga garkuna dabam-dabam, har da masu wasu cututtukan da ke kama da wadda ake nema, a ga sau nawa yake kama mara lafiya, sau nawa kuma yake yi wa mai lafiya ƙage. Kaɗan ne ke wuce wannan mataki, kuma wanda ya wuce sai an mayar da shi ɗan tsinken gwaji da zai jure zafi da ƙura, ya ba da amsa cikin mintoci, a kuɗin da bai fi ƙarfin abin da dabba ɗaya ke kawowa ba.